Kaburbura Uku a Bayan Matoya

Muryang, 4 ga Satumba, 1978

Zuwa ga 'yata Yon-suk,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kina cin abinci, kuma sanyin Jamus bai fara ba. Ni ƙalau nake, ban da gwiwar nan ta hagu. Barkono ya yi kyau bana, na shanya shi ya rufe rufin ɗaki.

Kada ki yi wa rubutun dariya. Da hannuna na yi shi. Tun bara nake zuwa ajin da ake yi wa mata a ɗakin taron ƙauye, ban faɗa miki ba don kada in kasa. Shekara biyar matar mai kanti ke rubuta mini wasiƙun da nake aiko miki, kuma duk abin da na faɗa mata da safe, kafin rana ta faɗi ya kai bakin rijiya. Maganar yau ba na son ta kai can.

Ranar kasuwar da ta wuce na ga an kafa allo a ƙofar ofishin gunduma. Na ajiye kwandona na tsaya ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, don jin daɗin na iya. Da na san abin da ke ciki da ban yi murna ba. Za a toshe kogi, ruwa zai cinye ƙauyen Dokjom da tudunsa. Duk mai kabari a can ya zo ya nuna shi kafin 30 ga Nuwamba a mayar masa wani wuri. Wanda ba a nuna ba, za a tone a zuba a rami ɗaya da na marasa kowa.

Yon-suk, mahaifiyata tana kan tudun nan.

Na sha faɗa miki danginmu manoma ne. Ba gaskiya ba ne. Maginan randa ne, kuma 'yan coci. A zamaninmu ko yaro ƙarami ba ya rusuna wa magini. Da uwata ta rasu, goggon da ta ɗauke ni ta ce in haɗiye maganar nan in ina son zaman lafiya. Na haɗiye ta har yau.

Na hau tudun. Sau biyu kawai na taɓa zuwa tun da na yi aure, yayana ne ke yanke ciyawar wurin, shi kuma yaƙi ya tafi da shi. A bayan tsohuwar matoyar randuna akwai kaburbura uku a jere, ba dutse, ba alama. Na tsaya na duba, na sake dubawa. Ban san wanne ne nata ba.

Na je wurin akawu. Ya ce, "Iya, sunan mamaciyar?"

Na ce, "Uwata ce."

Ya ce, "Iya, kowace mamaciya uwar wani ce. Sunanta nake tambaya."

Ban sani ba. Matar Bang ake ce mata, ni kuwa Umma nake cewa. Ya ce littattafansu na da sun ƙone lokacin yaƙi, in gwada coci, su ba sa zubar da takarda.

Ban taɓa taka cocin nan ba. Ina jin tsoro. Ki rubuto da wuri.

Mahaifiyarki,
Bang Ok-bun
(Kin ga sunana? Shi na fara koya.)

Jamus, 18 ga Satumba

Ummata,

Ina gaishe ki da kyau. Lafiyata lau, aikin asibiti ne dai ba ya ƙarewa. Ki riƙa ɗaure gwiwar da tsumma mai ɗumi.

Da na ga ambulan na ɗauka ɗan makaranta ne ya rubuto. Da na kai ƙarshe na ga sunanki, sai na shige ɗakin ajiye zannuwa na yi kukana. Abokiyar aikina ta ɗauka mutuwa aka yi mini.

Amma ki gaya mini gaskiya. Shekara arba'in ba ki ambaci kabarin nan ba, yanzu ga shi kina hawa tudu da gurguwar gwiwa, kina tona tsofaffin asirai kamar mai sallama. Likita ya faɗa miki wani abu ne? Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda tsofaffi ke yi in sun ji wani abu a jikinsu. Kada ki ɓoye mini.

Maganar randa kuwa, Umma, kin ɗauka ban sani ba? Wace 'yar manomi ce za ta ƙwanƙwasa randa a kasuwa sau ɗaya ta ce wa mai ita, "Wuta ba ta ishi gindinta ba"? Tun ina 'yar shekara goma na gane. A nan, Turawa na sa irin tukwanenmu cikin gilashi suna biya su kalla.

Ki je cocin, ba za su cinye ki ba. In littafin tsoho ne, mai yiwuwa da baƙaƙen Turawa aka rubuta shi, da yaren da limamansu ke addu'a da shi. Akwai wata tsohuwar sistar coci a asibitinmu da ke karanta shi kamar ruwa. Ki san yadda za ki aiko mini.

'Yarki,
Yon-suk

Muryang, 6 ga Oktoba

Yon-suk,

Ina gaisuwa. Ba likitan da ya ce mini komai, ban ma je wurinsa ba. Ke dai kin zauna cikin marasa lafiya har kowa ya zama majinyaci a idonki. Ina cin kwano biyu na shinkafa. Ki bar kashe ni tun ban gama aikina ba.

Na je cocin. Sau uku na wuce ƙofar kamar mai neman akuya kafin na shiga. Fada, limamin cocin, yana kwance a asibiti a birni tun damina. Wanda ke zuwa ran Lahadi coci huɗu ke kansa, ko hularsa ta babur ba ya ajiyewa. Sai tsohon malamin coci mai riƙe da makulli. Na ce masa ni 'yar Dokjom ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To sai me? Tubalin da kike tsaye a kansa mutanen Dokjom ne suka gasa shi. Cire takalmi ki shigo."

Ya fito da littattafai biyu masu warin rima. An binne su cikin randa lokacin yaƙi, shi ya sa suka tsira. Na buɗe da zumuɗi, ni mai ilimi. Yon-suk, ko baƙi ɗaya ban gane ba! Kamar tsutsa ta faɗa tawada ta yi yawo. Shekara guda ina wahalar koyon karatu, ranar da na fi bukatarsa aka canza mini baƙaƙe.

Malamin ma bai iya yaren ba, amma yana gane sunan gida da sunan ƙauye da lambar shekara. Gidan Bang ɗaya ne tak a Dokjom. Ya samo wuri huɗu. Ya ce a kira malamin makarantar sakandare ya duba, na ce a'a, matarsa ƙawar matar mai kanti ce. Littafi kuma ba ya fita daga ɗakin.

Sai na tuna da takardar da muke liƙa wa ƙofa. Na kawo mafi siriri, na ɗora a kan shafin, na bi kowane layi da fensir yadda nake fitar da zanen ɗinki. Kwana uku na yi. Malamin yana ta cewa, "A hankali, Maman Yon-suk, littafin ya girme ki." Ga su nan guda huɗu na sa lamba. In akwai kuskure, daga hannun Bature ne, ni abin da na gani na bi.

Baffanki Man-su ya ji labari ya zo. Ya ce, "Matar yaya, mace in ta yi aure ai ta zama ta gidan miji, har ƙashinta. Me ya haɗa ki da tudun gidan Bang?" Na zuba masa shayi na ce, "Da suna da wani da ban je ba." Ya ce to in nuna na tsakiya a huta, babba ne, kuma wa zai sani?

Ki nemo mini abu biyu: sunanta, da wurin da take kwance. Saura kwana hamsin da biyar.

Mahaifiyarki,
Bang Ok-bun

Muryang, 3 ga Nuwamba

Yon-suk,

Lafiya kuwa? Ni lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

Na ƙirga. Kwana goma sha ɗaya zuwa, sha biyu dawowa, na ƙara miki uku na aiki. Sun wuce. Mai kawo wasiƙu yanzu tun daga kan gada yake kaɗa mini hannu alamar babu, don kada in tare masa keke. Jiya na bar kabejin kimci, wanda muke tsimawa don lokacin sanyi, cikin gishiri har ya yi laushi kamar tsumma. Na sa tsintsiya a hannu na manta abin da zan yi da ita.

Takardar ce ta yage a hanya? Sistar ce ta mutu? Ko kuwa kin ji kunya ne bayan kin yi tunani, kin ga jikar magini ba ta dace da farar riga ba? In haka ne ki faɗa, zan ɗauka. Shirun ne ba na iya ɗauka.

Ina hawa tudun duk ranar kasuwa. An kwashe kusan kowa. Ko'ina ramuka ne jajaye, mutane na sauka da iyayensu a goye cikin akwati. A bayan matoya ukun nan suna nan, an kafa wa kowanne sanda da jan ƙyalle, alamar marasa kowa. Na cire ƙyallayen duka uku. Washegari aka mayar.

Na zauna gaban kowanne na ce, "Umma, in ke ce ki yi mini alama." Ba abin da ya motsa sai hankaka.

Baffanki ya riga ya yi magana da masu tono, ya ce ƙasa ta kusa daskarewa. Akawu ya cika takarda da na tsakiya, hatimina kawai ake jira. Na ce su ba ni zuwa kasuwar 27 ga wata. In ban ji daga gare ki ba zan buga. Amma ki duba, Yon-suk: in na yi kuskure, zan yi sauran kwanakina ina zuba wa uwar wani giyar shinkafa, tawa kuwa tana rami ɗaya da baƙi, ba mai kiran ta cin abinci ranar tunawa. Ta ji yunwa tana da rai. Ba na so ta ji a can ma.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Mahaifiyarki,
Bang Ok-bun

Jamus, 14 ga Nuwamba

Umma,

Ki yafe mini. Lafiyata lau, takardun sun iso lafiya, sista tana da rai, kuma ban ji kunyar kowa ba. Mako uku fassarar tana aljihun rigata. Tsoro ne ya hana ni aikowa. Na yi niyyar kiran wayar gidan mai unguwa, sai na tuna rabin ƙauye ke tsayawa a kan mutum in yana amsawa.

Sista ta ce wanda ya kwafi rubutun nan yana da hannun ƙwararre. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Ta ɗaya, 1919: an yi wa jaririya baftisma, Bang Ok-bun, 'yar Bang Bitrus magini da matarsa Marta. Sunan kakata ke nan, Umma. Marta, daga gidan Ha.

Ta biyu, 1921: Bang Ok-bun, 'yar shekara biyu, ta rasu da ƙyanda, an binne ta a tudun bayan matoya.

Na sa sista ta karanta sau uku. Na ce ƙarya ne, matar nan ta rubuto mini wasiƙa makon jiya. Ta ce ita dai abin da ke rubuce ta faɗa.

Ta uku, 1922: an yi wa wata jaririya baftisma, iyaye su ne dai. Susanna. Ba a rubuta mata suna na yarenmu ba.

Ta huɗu, 1929: Marta ta rasu, an binne ta a bayan matoya, "kusa da ƙaramar 'yarta, kamar yadda ta roƙa."

Ban san me wannan ke nufi ba. Katinki na shaida ya ce ke ce Ok-bun, haihuwar 1919. Na yi ta saƙe-saƙe: ko tsinto ki aka yi, ko ba gidanku ba ne. Na ji tsoron in ƙwace miki uwa a daidai lokacin da kike nemanta. Sai wasiƙarki ta zo, na ga shiruna ya fi takardar cutarwa.

Abu ɗaya dai na gane: ki nemi kabarin da ke da ƙarami a gefensa. Kada ki buga hatimin tukuna.

'Yarki mai laifi,
Yon-suk

Muryang, 5 ga Disamba

'Yata Yon-suk,

Ina gaishe ki. Gwiwa ta kumbura kamar kabewa, amma ban damu ba. Dusar ƙanƙara ta fara sauka shekaranjiya.

Wasiƙarki ta iso ran 26. Na karanta a tsaye, ban ji maganarki ba. Da na kai wurin da na mutu, na shafa fuskata na ji tana nan. Na ce to.

Amma ba kabarin yaro a tudun nan, na san wurin kamar tafin hannuna. Washegari kasuwa, ranar hatimi. Kafin in je ofis na bi ta layin masu randa. A can ƙarshe akwai wata tsohuwa da ke zama kan buhu tana shan lofe, ta haura tamanin. Shekara arba'in ina kauce wa idonta don na san 'yar Dokjom ce. Na durƙusa na ce, "Kaka, ni 'yar Bang Bitrus ce."

Ta ce, "Yau kika sani? Ni tun kina amarya nake ganin kina wuce ni da hanci a sama, da tafiyar ubanki sak, kamar agwagwa."

Na ce, "Littafin coci ya ce na mutu."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ba ke ba ce, sakarya, yayarki ce. Kyakkyawa, ba irinki ba. Ubanki bai je ya faɗa wa hukuma ta mutu ba. Tafiyar yini guda ce, ga wuta a matoya, ga 'yan sandan Japan masu mulkinmu a lokacin da tambayar tsiya. Da aka haife ki sai ya ce ai ga gurbi nan a rubuce, ki shiga. Rabin Dokjom haka aka yi. Ni kaina sunan yayata nake ci, ga shi ya ƙi ƙarewa."

Na ce, "To ina kabarinta? Ban ga tudun ƙasar da ake tarawa a kai ba."

Ta ce, "Wa ke yi wa jariri tudu? Ke dai an ɓata ki a gidan manoma. Magini a randa yake sa ɗansa, ya rufe da tsingaro. Ubanki da kansa ya gina ta, bai bar kowa ya taɓa ba. Je ki nemi tsingaro."

Ban je ofis ba. Na ari fartanya a wurin mai kifi na hau. Na fara da na tsakiya, na sassare gefensa duka, ƙasa ce zalla. Ga shi saura ƙiris in buga masa hatimi. Na dama ma haka. Na hagu shi ne ƙarami, wanda ya zaizaye, wanda ban taɓa zama gabansa da yawa ba. Sara na huɗu fartanya ta yi ƙara. Tsingaro, jere a kan juna kamar rufin ɗaki. Na ajiye fartanya na ci gaba da hannu har na taɓa bakin randa. Na ƙwanƙwasa ta a hankali. Wuta ta ishe ta, Yon-suk. Shekara hamsin da bakwai a ƙasa, ko tsaga babu.

Na juya ga tudun na ce, "Umma, Marta, na zo." Sauran abin da na faɗa namu ne ni da ita.

Da gudu na sauko, akawu yana shirin rufe taga. Na ce ya yaga takardar ya sake wata, mutum biyu ne. Ya ce, "Sunan ta biyun?" Na ce, "Bang Ok-bun." Ya dubi katina, ya dube ni, ya ce, "Iya, yau kin sha wani abu ne?" Sai da malamin coci da tsohuwar suka zo suka sa hannu. Ita a bayan mai kifi aka goyo ta, tana zagin kowa.

An tone su ran 29, an kafa rumfa don kada rana ta gan su. Na naɗe uwata cikin farar takarda da hannuna. Randar ba a buɗe ba, haka aka ɗauke ta. Suna maƙabartar coci yanzu, a wuri mai kallon kudu. Baffanki ya riƙe gefe ɗaya na akwatin. Sauran biyun na zuba musu giya na ba su haƙuri. Na faɗa wa malamin coci ya duba ko suna cikin littafi, amma lokaci ya ƙure. Wannan yana nan a raina.

Ki faɗa wa ƙaninki ya dakata da shirin bikin cikata sittin baɗi. Sai an ƙara shekara uku a kai. Duk dukan da goggo ta yi mini wai 'yar shekara goma ta kasa ɗaukar tulu, ashe bakwai gare ni.

Na je wurin mai sassaƙa dutse na rubuta masa sunayen da kaina. Ya karanta ya ce, "Maman Yon-suk, kabarinki kike saye tun kina tafiya da ƙafarki?" Na ce ba nawa ba ne, aro na yi, mai shi na mayar wa. A ofis za su ci gaba da kirana da shi, wannan ruwansu.

Ɗayan sunan kuma malamin coci ya nuna mini yadda ake rubuta shi da baƙaƙenmu. Kwana uku ina gwadawa a bayan kalanda. Bai zauna a hannuna ba tukuna, in ya karkace kada ki yi dariya. Ki sa safa biyu.

Mahaifiyarki,
Susanna